Ka taso a wahala kuma kana son wasan daɓe? Ga yadda ake farawa a Gombe

Wannan rubutun na yaran da suka taso ba gata ne, maraya, ɗan riƙo, wanda ya yi almajirci, wadda ta girma da farantin talla a ka, kuma Allah ya jarabce su da son wasan kwaikwayo. Ɗan gata ma in ya karanta ba laifi, amma shi yana da wanda zai ɗaga waya a ce gobe a kai shi lokeshin, kai kuwa daga kai sai Allah, toh dole hanyarka ta bambanta da tasa.

Kusan duk yaron da zai tare ka a Jekadafari ko Pantami tambayarsa ɗaya ce, "Yaya dan Allah ta ina ake shiga fim?" Ni dai amsata kullum ita ce ka fara da daɓe tukuna, wato wasan da ake yi a gaban 'yan kallo ido da ido. Fim yana son kuɗin motar Kano, yana son wurin kwana, yana son wanda ya san ka. Daɓe kuwa fili yake so da mutum biyar da zani biyu da za a ɗaura a matsayin labule, shikenan. Kuma ita kanta Kannywood ɗin daga ƙungiyoyin dirama ta fito, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko, Turmin Danya na 1990, 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ne suka yi shi. Su marigayi Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu sun gama yin suna tun kafin a san wani abu wai shi Kannywood.

Abin da ka riga ka zo da shi

Ka san me wahala ta ba ka wanda ɗan gata bai da shi? Ido da kunne. Yaron da ya taso a hannun riƙo tun daga jin ƙarar silifas a tsakar gida ya san yau da faɗa aka tashi ko lafiya. Wanda ya yi bara ya san kalar "Allah ya ba da haƙuri" ta fi goma, akwai ta matar da da gaske tukunyarta ba komai kuma kunya take ji, akwai ta wadda ko ɗago kai ba ta yi ba, akwai ta yaron gida da yake faɗa yana lasar hannu don ka gani. Yarinyar da ta yi talla ta san mai saye ta san mai ɓata lokaci tun kafin ya buɗe baki. Wannan karantar mutanen da ka yi don ka tsira da fatarka, shi ne rabin aikin ɗan wasa, wasu sai sun je jami'a ake koya musu.

Sai dai fa ajiye yake a cikinka kawai, sai ka riƙa fito da shi da gangan. Ga aikin da zaka ba kanka: je ka Tashar Dukku ko bakin babbar kasuwa ka samu benci wajen mai shayi, ka zaɓi mutum ɗaya tak, kar ka yi ta raba ido. A ce ɗan kamasho. Kalli yadda yake taka ƙasa, da dunduniya yake fara sauka ko da yatsu? Kuɗin a wane yatsa yake naɗe su? In zai kira fasinja a ina yake jan numfashi, kuma in direba ya yi masa tsawa ina yake kai idonsa? Ka koma gida ka yi shi a gaban abokinka ba tare da ka ce uffan ba, in ya ce "kai wannan ai ɗan kamasho ne" toh ka kama, in ya ce bai gane ba gobe ka koma tashar. Amma dan Allah kar ka yi a gaban mutumin, kar a fasa maka baki a banza.

Charlie Chaplin da kuke ganin bidiyonsa yana tafiya da sanda da ƙaton takalmi, a 1889 aka haife shi a Landan, uban mashayi ne, uwar ta samu taɓin hankali, kafin ya kai shekara tara an kai shi gidan ajiye matalauta har sau biyu. Shi da kansa ya ce wajen uwarsa ya koyi kallon mutane, takan zauna bakin taga tana kwaikwayon masu wucewa. Yana yaro ya shiga ƙungiyar yara masu rawa, ya yi shekaru a kan dandamali, a 1908 ya shiga kamfanin wasan barkwanci na Fred Karno, su suka kai shi Amurka. Duk wannan kafin ya taɓa tsayawa gaban kyamara.

Karatu, kar ka gudu

Nan ne da yawa suke sulalewa. A miƙo maka takarda a ce karanta fitowa ta biyu, gumi ya keto maka, ka ce ka manto wani abu a gida, ba a sake ganinka ba. Kar ka yi haka. In bokonka bai yi ƙarfi ba ka faɗa wa shugaban ƙungiya a keɓe, ka ce "Malam ni karatuna da saura amma ina da hadda", babu mai hankalin da zai kore ka. Wanda ya yi allo ma ya fi kowa sauƙi, ka saba a biya maka ka maimaita, ka wanke ka sake, ka yi tilawa da asuba. Haka zaka yi wa sikirif. Sa wani ya karanta maka layukanka kana ɗauka a waya, ka yi ta saurare kana aiki. Abu ɗaya da sababbi ke mantawa: kar ka haddace maganarka kaɗai, haddace har da ƙarshen maganar wanda zai yi kafin kai, don ita ce zata gaya maka lokacin buɗe baki.

Amma wannan dabarar wucin gadi ce, dole ka koyi karatun. Akwai azuzuwan yaƙi da jahilci, akwai makarantun dare, ko ƙanin abokinka ɗan sakandare ka ajiye girman kai ka zauna gabansa. Sidney Poitier, baƙar fatar da ya fara cin kyautar Oscar ta babban jarumi a 1964, ɗan manoman tumatir ne daga Bahamas, wanke-wanke yake a gidan abinci a New York. Ranar da ya fara zuwa gwaji a gidan wasan baƙar fata korar sa aka yi don ya kasa karanta takardar. Wani dattijo ma'aikacin gidan abincin ne ya riƙa zama da shi da dare suna karanta jarida, shi kuma ya riƙa bin maganar mai gabatar da shiri a rediyo yana gyara harshensa, da ya koma ma share-share ya riƙa yi musu a madadin kuɗin koyo. Ka ga kenan ba kanka farau ba.

Ina ƙungiyar take?

In kana makaranta, kulob ɗin dirama ko ƙungiyar Hausa ta makarantarku. In ba ka makaranta ka sa ido lokacin bikin yaye ɗalibai, da Makon Hausa da ɗaliban manyan makarantu ke yi, da Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, kusan duk inda aka yi taro irin wannan sai an yi ɗan wasa, kuma masu yin wasan nan ba daga sama suka faɗo ba, suna da inda suke haɗuwa. Ka jira a tashi ka bi su ka gaishe su. Ka saurari tashoshin gida irin su Progress da Amana da gidan rediyon jiha, in ka ji shirin wasan kwaikwayo ka riƙe sunan ƙungiyar da za a faɗa. Akwai kuma masu wasan faɗakarwa da ƙungiyoyin lafiya ke ɗauka su zagaya ƙauyuka kan riga-kafi da tsafta da awon ciki, waɗannan su ne ma suka fi samun aiki akai-akai. Sannan jihohi kan tura tawagar 'yan wasa bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, ta hannun hukumar al'adun jiha, ka san da zaman wannan ƙofar ko ba yanzu ba.

In duk ba ka samu ba, azumi na zuwa. Daga goma ga wata ake fara tashe, kuma tashe wasan daɓe ne cikakke, akwai shiga, akwai waƙa, akwai 'yan kallon da in ba ka burge su ba ko sisi ba zasu ba ka ba. Haɗa yaran layinku ku shirya naku da kyau.

Yadda zaka shiga kuwa, kar ka je kana cewa kai fa jarumi kake son fitowa. Ka ce kana son koyo, ko me aka sa ka zaka yi. Zaka ɗauki benci, zaka riƙe labule, zaka sayo fiya wata, zaka yi gadin takalma. Ka riga kowa zuwa rihazal. Kana gefe kana haddace maganar kowa a zuciyarka, domin ƙungiyar da ba a biyan albashi kullum sai wani ya ƙi zuwa, an yi masa rasuwa, ogansa ya hana shi, mashin ya lalace, ranar da darakta ya waiga ya ce "wa zai riƙe mana wurin maigadi?" ka ɗaga hannu ka zuba maganar ba takarda. Da yawa ta wannan ƙofar suka shiga.

Murya da jiki

A daɓe babu mai matso da kyamara kusa da fuskarka, kuma makirfo ɗin da aka aro ko dai ɗaya ne ana miƙa-miƙa ko janareta ya mutu ana tsakiyar wasa. Saboda haka muryarka ce jarinka. Ihu daban, ɗaga murya daban, mai ihu da maƙogwaro yake yi kuma kafin fitowa ta uku ya dishe. Kwanta rigingine ka ɗora littafi a cibiya, ja numfashi har littafin ya ɗaga, sake shi a hankali kana ƙirga, kullum da safe. In ka saba sai ka tafi filin ƙwallo da abokinka, ka tsaya a raga ɗaya shi a ɗaya, ka yi maganarka shi kuma ya maimaita abin da ya ji. Zaka sha mamakin yadda kake haɗiye ƙarshen kalmomi. Ga kuma wasan karya harshe da muka yi muna yara, turmi ture kura kura ture turmi, yi shi a hankali kowane harafi ya fita kafin ka ƙara gudu.

Kar ka juya wa 'yan kallo baya kana magana. Kar ka tsaya gaban abokin wasanka ka tare shi. In aka fashe da dariya ka dakata ta lafa kaɗan sannan ka ci gaba, in ba haka ba maganarka ta bi iska. Kuma ka daina waige kana neman abokanka a cikin taro, ana gani wallahi.

Maganar ciwon da ke ranka

Nan nake so mu ɗan daɗe, don nan ne ake cutar irinku. Za a samu darakta da ya ji labarinka, ranar da ake son kuka sai ya ce a gaban kowa "tuna ranar da babarka ta rasu", kai kuma ka fashe, kowa ya tafa, a ce yaron nan ya iya. Gobe a sake, jibi a sake. Wata biyu ko dai hawayen ya ƙafe ko kuma ka koma gida ka kasa barci. Ni a ganina wannan zalunci ne ko da mai yi bai sani ba. Labarinka naka ne, ba dole sai ka baje shi a rihazal ba, kuma kana da damar cewa "Yallaɓai a bar wannan, zan kawo kukan ta wata hanya."

Wannan dabarar ta tuno baƙin cikin baya tana da asali, Stanislavski na Rasha wanda ya kafa gidan wasa a Mosko a 1898 ya koyar da ita, amma shi kansa a ƙarshen rayuwarsa ya fi karkata ga cewa ɗan wasa ya fara da abin da jiki ke aikatawa, zuciya zata biyo baya. Kuma kai ka fi kowa sanin gaskiyar wannan. A ce fitowar ita ce kawu ya ce wa maraya bana ba kuɗin makaranta. Wanda bai taɓa shiga halin ba zai faɗi ƙasa yana birgima yana wayyo Allah. Kai kuwa ka san ba haka ake yi ba. Yaron cewa yake "toh Kawu", ya ci gaba da wanke kwanon da ke hannunsa, kwanon da ya riga ya fita tun ɗazu, yana ta goga wuri ɗaya, sannan ya kife shi a hankali don kar ya yi ƙara a ce fushi ya yi. Yi wannan a kan dandamali ka ga yadda matan da ke layin gaba zasu fara jan gyale suna goge ido, kai kuma ka sauko lafiyarka ƙalau, ba ka tono kabarin kowa ba.

Sai kuma tarko na biyu, a ga kana da rama da tsohuwar riga sai a maƙala maka almajiri, ɓarawo, mahaukaci, yaron gida, kullum kai kenan. Karɓi na farko da na biyu, amma ka roƙi a gwada ka a alhaji ko alƙali ko mai unguwa. Wa ya kai wanda ya yi shekaru yana durƙusa wa masu kuɗi sanin yadda suke gyara babbar riga da yadda suke amsa gaisuwa da hanci?

In kuma wani wasan ya taso maka da abin da ya fi ƙarfinka, samu babba da ka yarda da shi ka yi magana, malaminka ko wani dattijo a ƙungiya, in ta kama har asibiti. Wanda zai miƙo maka ƙwaya ko kwalbar sirof ya ce tana cire tsoron taro, ka guje shi, yaran da suka bi wannan hanyar hadda ce take fara zubewa sannan murya.

Gida da unguwa

Za a ce ka zama ɗan dirama, a wasu gidajen wannan da ɗan iska duk ɗaya ne, kuma ɗan riƙo abin ya fi yi masa tsanani don dama ana jiran ya yi laifi. Kar ka yi musu da kawu ko goggo, ba zaka ci ba. Kar kuma ka riƙa satar jiki, ranar da aka gane an samu hujja. Nemi babban da suke jin nauyinsa ya je ya yi maka magana, shugaban ƙungiya ya zo gida da kansa ya gaisa. Wasan farko da zaka gayyace su ya zama na faɗakarwa, na makaranta ko na asibiti, inda hakimi ko mai unguwa ke zaune a gaba. Sallah a kan lokaci, aikin gida ka gama kafin ka fita.

Ke kuma ƙanwata naki ya fi tsauri, gaskiya ce. Kar ki fara sai da yardar wanda kike hannunsa. Rihazal da rana, a fili, inda akwai wasu mata. Duk wanda ya ce ki same shi a otal ko ɗakinsa don ya gwada ki, ko sunansa ya kai ina, ba wasa yake nema ba. Maza da mata duka, wanda ya ce a turo kuɗin fom ta waya za a sa ku a fim ɗin wani babban jarumi, ku riƙe kuɗinku. Kuɗin rajistar ƙungiya da na kati ana biya a hannu ne, a inda kuka ga mutane da idonku.

Abinci fa?

Daɓe ba ya ciyar da mutum a garin nan, a yanzu dai. Wani wasan kuɗin mota ne, wani lemo da shinkafa a roba, wani "Allah ya yi albarka". Na faɗakarwa ne ake ɗan samun sallama mai kauri. Toh ka riƙe sana'a, ɗinki, gyaran waya, aski, tuƙin Keke Napep, wadda dai zaka iya rufewa ƙarfe huɗu ka tafi rihazal. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya yi shekaru yana aikin gandiroba. Kuma ka koyi tambaya tun kafin wasa, cikin ladabi, "Oga akwai wani abu ne ko na taimako ne?" In na taimako ne ka sani ka yi don Allah, ya fi a gama ana kallon-kallo ana zargin shugaba ya cinye.

In Allah ya buɗa kana son zurfafawa, akwai sashen wasan kwaikwayo a ABU Zariya da Jami'ar Jos da BUK, a Jos ɗin kuma akwai makarantar koyon fim ta ƙasa. Ana neman kiredit biyar, har da Turanci da adabin Turanci, wanda ya bar makaranta tuntuni yana iya zana WAEC ko NECO ta 'yan waje. Makarantar fim ɗin a ƙarƙashin hukumar fina-finai ta ƙasa take, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a 2024, shi kuma mahaifinsa ɗan Balanga ne a nan jihar Gombe.

Ranar wasanka na farko kar ka cika ciki, kar ka sha ruwan sanyi, ka zagaya banɗaki da wuri. Duba kayanka da kanka, in da sanda zaka shiga ko buta ka ajiye ta inda hannunka zai kai, kar ka dogara da wani. Ƙafarka zata yi rawa, ta kowa tana yi, ja numfashin nan na ciki sau uku ka shiga. In layi ya ɓace maka kar ka tsaya kana kallon darakta, faɗi ma'anar da kalmominka, abokin wasanka zai ɗauke ka, 'yan kallo ai ba su ga takardar ba. Ka ba wani wayarka ya ɗauka daga can baya, ba daga gaba ba, don ka ji ko muryarka ta isa wajen. Washegari ka kalla kai kaɗai, ka ware minti ɗaya ko biyu inda ka fi kyau ka ajiye, shi zaka nuna duk ranar da wata ƙungiya ko furodusa ya ce me ka taɓa yi, sauran kuma ka kai wa darakta ka ce ya nuna maka abu ɗaya da zaka gyara kafin wasa na gaba.